Jirgin da Ya Ɓace a Rumfar Ajiya

Maganar har gida ta iske ni. Wai Mai Rumfa, mutumin da masu jirgin ruwa ke ba ajiyar jiragensu a bakin kogi, shi ne da kansa yake sayar da su ga mutanen ƙetare, gari ya waye kuma ya riƙe baki tare da masu jaje. Hujjar ita ce jirgin Guguwa, wani matashi mai fiton mutane, wanda ya yi tafiya ya bar jirginsa a rumfar, ya dawo ya tarar da wurin wayam.

Maƙwabciyata ce ta kawo mini labarin. Na ce mata wa ya gani? Ta ce ai kowa ya sani. Ni kuwa na ƙare ƙuruciyata ina koyar da kimiyya a makaranta, ban taɓa ba ɗalibi maki don ya rubuta "kowa ya sani" ba.

Abin ya shafe ni. Ina da jirgin katako da marigayi mijina ya bari. Ɗana ne ke aiki da shi, sai ya samu aiki a nesa, jirgin zai daɗe ba a taɓa shi ba. Dole in samo masa wurin kwana, wuraren ajiya kuma biyu ne kawai a garin: rumfar bakin kogi, da wani sabon sito a kan tudu. Amma nawa mai sauƙi ne a kan na Mai Rumfa. Ƙungiyar masu jirgi ta riga ta sa ranar taro a ƙarshen mako, za a karɓe makulli daga hannunsa a gaban jama'a. Dattijo ne, ba shi da wata sana'a, da rumfar yake ciyar da gidansa. In aka kira shi ɓarawo da wannan furfurar, da sunan zai shiga kabari.

Sai na aika a kira mini ƙanin mijina. Duba-ƙasa ake ce masa, domin tun yana saurayi ba ya tafiya kansa a sama. Ya yi shekaru yana bin sawun shanun da suka ɓace, yanzu gwiwa ta zaunar da shi.

"Matar yaya," ya ce tun daga ƙofa, "in abinci kika kira ni in ci, na yafe. Ban manta na bara ba."

"Aiki zan ba ka, rago. Ɗauko sandarka."

*

Da siton muka fara, tunda mai zaɓe sai ya ga duka biyu. Mai Sito ya tarbe mu da fara'a har kunne, makullai na kaɗawa a ƙugunsa. Gini ne na bulo, daɓen siminti, rufin kwano, ƙofar ƙarfe, ba taga ko ɗaya. Da ya buɗe, zafi ya doke ni a fuska kamar na leƙa gidan burodi.

"Malama, nan ko ɓera sai da izinina yake shiga," in ji shi. "Ba irin can ƙasa ba, da ake kwana da jirgi a tashi babu."

"Iska fa? Ita ma sai da izininka?"

Ya yi dariya, bai gane ba tambaya nake yi da gaske. Na zagaya wani jirgi da ke kife a kan tayoyi, na shafa cikinsa. Katakon ya bushe ƙayau, kwaltar da aka toshe mahaɗa da ita ta fara ɓamɓarewa. Na ce masa zan yi shawara.

A waje Duba-ƙasa ya tsuguna gaban motar kayan Mai Sito, ya daɗe yana kallon tayoyin baya, sannan muka gangara.

*

Mai Rumfa muka tarar a zaune kan gungume, ya naɗe kansa da mayafi, kuncinsa ɗaya a kumbure. Rumfar kashi biyu ce. Tsohon ɓangaren rufin ciyawa ne a ƙarƙashin manyan itatuwa, iska na shiga ta ko'ina, jiragen a ɗage kan itace don gudun gara. Sabon ɓangaren kuwa kwano ne, a tsakiyar rana. Ƙofar da ke kallon titi tana da kwaɗo. Wadda ke kallon ruwa sakata ce kawai.

"A ina jirgin yake?" na tambaya.

Ya nuna sabon ɓangaren. "Shi ya zaɓa. Ya ce nasa ba zai kwana ƙarƙashin ciyawa kamar akuya ba."

"Ba ka lura babu shi ba sai da ya dawo?"

"Tamfol yake a lulluɓe, Malama. Wanda ya ɗauka ya mayar da tamfol ɗin a kan itatuwan. Ni ina ganin tudu, na ɗauka yana nan."

"Ka taɓa barin wurin nan?"

"Ni? Ko sau ɗaya. Kowa ya san ba na motsawa."

Na dube shi. "Buɗe bakinka."

"Malama..."

"Na yi shekaru ina kama yara masu ƙaryar ciwon ciki. Buɗe."

Ya buɗe. Gurbin haƙori ne sabo, bai gama warkewa ba.

"Likitan haƙori nan ya zo ya same ka a kan gungume?"

Ya sunkuyar da kai. Ashe wata safiya ciwo ya hana shi sakat, ya kulle ƙofar titi ya tafi asibiti, layi ya riƙe shi har rana ta take. Ya ɓoye ne don ya saba yi wa masu jirgi alfahari cewa ko kashi ba ya ɗaga shi daga wurin. Da jirgi ya ɓata kuma ya ga in ya faɗa yanzu za a ce ga shi ya fara kame-kame.

Raina ya ɗan yi sanyi. Mutumin da ya sayar da jirgi ba zai ɓata ƙaryarsa a kan haƙori ba.

Duba-ƙasa ya leƙo daga ciki. "Filafilai da gorar tuƙin nan da ke rataye, na wa ne?"

"Na Guguwa ne. Mutane sun ce ɓarawon da nasa ya zo."

"Ɓarawo mai tsari ke nan," in ji Duba-ƙasa. "Ya zo da kayan aikinsa, ya gyara tamfol, ya mayar da sakata. Saura ya share wurin ya bar gaisuwa."

A gefen titi ya nuna mini sawun tayoyi a busasshen taɓo. "Motar Mai Sito ce, ga facin tayar baya."

"To, ga wanda zai ci riba in rumfa ta mutu," na ce.

"Ni ma na so hakan, don ba na son dariyarsa. Amma duba. Zurfin zuwa da na komawa ɗaya ne. Yadda ta zo ba kaya, haka ta koma."

Mai Rumfa ya ce ai kwanaki Mai Sito ya zo yana zuga masu jirgi su koma wurinsa. Na ce wannan rashin kunya ne, amma ba sata ba ce.

*

Daga nan muka nufi gidan Guguwa. Ba banza aka sa masa sunan ba. Tun muna zaure muke jin muryarsa.

"Malama, da girmanki kina bin bayan ɓarawo? Na rantse a gaban mutane sai ya kwana a hannun 'yan sanda!"

"Daga tafiya gida ka fara zuwa, ko rumfa?"

"Rumfa mana! Daga tasha kai tsaye. Ina ɗaga tamfol na ga itace. Nan take na shaƙe shi, mutane suka taru."

"Wato kafin ka iso gida gari ya riga ya ɗauka."

"Ai gara da ya ɗauka!"

Ya figi hularsa ya fita. Muka shiga ciki. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Iya, tana zaune a tabarma ta miƙe ƙafa ɗaya. Matarsa ta kawo mana ruwa ba ta ɗago kai ba. Na yi wa Iya jaje. Na lura ba ta tsine wa ɓarawo ba, ba ta ce Allah ya tona asirinsa ba, abin da duk wanda aka yi wa sata yake farawa da shi.

"Da gaske ne za a karɓe makullin bawan Allahn nan?" Abin da ta tambaya ke nan.

"Haka suka ce."

Ta dubi surukarta, surukar ta dubi ƙasa. Don in sassauta zaman, na ce ni ma wurin ajiya nake nema wa jirgin marigayi.

Nan take ta farfaɗo. "Kada ki kai shi ƙarƙashin kwano, Malama. Ko kyauta aka ba ki. Katako ƙishirwa yake ji kamar mutum. In ya bushe sai ya tsuke, mahaɗa ta buɗe, ranar da aka mayar da shi ruwa da mutane a ciki, ranar ake ganewa. Ubana sassaƙa jirgi yake yi, a cikin ɓawon katako na yi rarrafe."

"Kin faɗa wa ɗanki haka?"

"Na faɗa. Ya ce zamani ya wuce nan."

Da za mu tafi ta tashi ta raka mu har zaure, tana jan ƙafar hagu.

*

Washegari da hantsi muka koma bakin kogi. Gangaren da ke gaban rumfa ba abin karantawa, 'yan kallo sun tattake shi kamar filin ƙwallo. Kowa ya ga layin da cikin jirgi ya ja har ruwa, kowa ya ɗaga kai ya dubi ƙetare, shi ke nan an gama bincike.

Duba-ƙasa bai dubi ƙetare ba. Ya bi gaɓa ta ƙasa, ya dawo. Ya bi ta sama, ni ina biye da lemata ina mita.

"Kai, ƙanin miji, kashe ni za ka yi ka ci gado?"

"Gadon me, littattafai? Taka a hankali, kada ki ɓata mini shafi."

Bayan mun wuce inda mutane ke wanki, ya tsaya. Ruwa ya ja baya a kwanakin, taɓon da ya bari ya bushe da duk abin da aka rubuta a kansa. Sawu ne na mutum biyu, ba takalmi, suna bin gaɓa, jikinsu a karkace, yatsun ƙafa sun nutse.

"Ja suke yi," in ji shi. "Da igiya. Jirgin na cikin ruwa, su suna tudu. Ba wanda ya tuƙa shi."

Ya nuna mini inda igiya ta kwantar da ciyawa. Muka bi har wani lungu da kogi ya shiga cikin ƙasa, dogayen ciyayi sun rufe bakinsa, itatuwa sun yi masa inuwa. Nan sawun ya ƙare. Na duba ruwan, ba komai sai ganye.

"To, a nan suka hau suka tafi?"

Ya juya wa ruwa baya, ya hau tudu, inda wata tsohuwar katanga ta zube. Ya kira ni da sanda. A ƙasa akwai ramuka birjik, marasa zurfi, kowanne da farar ciyawa a kwance a cikinsa, irin wadda ba ta ga rana ba.

"Gurbin duwatsu," na ce.

"An ɗebe su ba da daɗewa ba. Dubi hanyar. Mai gangarawa ruwa sawunsa ya nutse, mai hawowa bai nutse ba. Sun yi ta kaiwa suna dawowa har suka yi turba."

Na tsaya ina lissafi a zuci. Mai satar jirgi sauƙi yake nema. Ba ya loda masa duwatsu.

"Kuma sawun ƙarshe," ya ci gaba, "tudu suka hau su biyun, suka nufi gari. Ba wanda ya bi ruwa."

Ya yanko doguwar sanda, ya shiga har gwiwa yana tsaki saboda sanyi, ya caka. Taɓo. Ya matsa gaba ya sake cakawa. Sai muka ji ƙum, ƙarar itace.

Na zauna a kan ciyawa. Na yi hamdala a bayyane.

"Yara ne," in ji shi da ya fito yana matse wando. "Ƙafafun ƙanana ne. Ɓarna ce ta yara."

"Yaya suka ɗauki duwatsun? A ƙirji?"

Ya koma ya sake dubawa. "A'a. Mai rungumar kaya yana buɗe ƙafa, yana tangaɗi. Waɗannan a miƙe suke, taku gajere, dunduniya ta nutse. A ka suka ɗauka."

"Na biyun fa, ƙafafunsa daidai suke?"

Ya daɗe a tsugune. "Yana jan ta hagu."

Ya ɗago ya dube ni, na dube shi.

"Haba, matar yaya. Uwar miji da suruka? A igiya ɗaya? Ai ko tukunya ɗaya..."

"Wannan ma 'kowa ya sani' ne. Kai karanta ƙasa, ni in karanta mutane."

A hanyar komawa na leƙa gidan su Iya, na tarar Guguwa ba ya nan. Ban zauna ba. Na ce, "Iya, ki zo taron nan, ki zo da surukarki. Ni ba zan kira sunan kowa ba." Ba ta tambaye ni dalili ba.

*

Ranar taro rumfa ta cika. Shugaban masu jirgi yana kan kujera, Mai Rumfa a tsaye gabansa da makulli a tafin hannu. Mai Sito ya jingina da motarsa, ya zo da ita ko za a samu masu kwashe jirage. Guguwa yana kai da kawowa. Iya da surukarta suna can baya, kusa da ƙofar ruwa.

Shugaba ya fara da cewa abin da ya faru kowa ya san shi. Na ɗaga lema.

"Shugaba, a ba tsohuwa minti ɗaya. Na zo ne in ba da ajiya. Gobe za a kawo jirgin marigayi mijina nan, a tsohon ɓangaren, ƙarƙashin ciyawa, inda iska ke shiga. Sharaɗina biyu: a sa wa ƙofar ruwa kwaɗo, kuma in rani ya tsananta a riƙa watsa masa ruwa."

Wuri ya ɗauki surutu. Wani ya ce tsufa ya fara taɓa Malama. Guguwa ya ce, "Ɓarawo za ki ba ajiya?"

"Kafin a karɓi makulli, ku biyo mu. Ba nisa. Wanda ya iya ruwa ya cire riga."

Haka aka yi jerin gwano a gaɓa, Duba-ƙasa a gaba yana korar mutane daga kan sawu kamar mai korar kaji. Ya nuna musu turbar, ya nuna gurbin duwatsu, ya miƙa wa Shugaba sanda ya ce ya caka da kansa. Ƙum.

Masu jirgi huɗu ko biyar suka faɗa ruwa. Suka fara miƙo duwatsu, ana karɓa ana jefarwa a tudu. Can sai ruwa ya motsa, hancin jirgi ya ɓullo a hankali, baƙi wuluk, ganye a manne. Aka yi kabbara. Aka jawo shi gefe aka kwarfe ruwan da bokitai. Shugaba ya shiga ciki da kansa, ya bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa, ya tsaya yana jira ya ga inda zai tsattsafo. Ko ɗigo.

"Lafiyarsa ƙalau," ya ce. "Ya ma fi nawa."

Mai Rumfa ya zauna a kan wani dutse, ya rufe fuska da mayafi, kafaɗunsa na girgiza. Mai Sito ya duba agogo ya ce yana da wani uzuri.

Guguwa ya shafa jirginsa tun daga hanci har gindi, kamar mai duba ɗan da ya ɓata. Na ɗauka an gama. Sai ya juyo, idonsa ja.

"To wa ya nutsar da shi? Ai ga shi nan a fili! Shi ne ya ɓoye shi a nan, ƙura ta lafa ya fito da shi ya sayar!"

Kai, mutane. Nan da nan na ga wasu sun fara gyaɗa kai. Shugaba ya dubi Mai Rumfa, ya dubi makullin. Duba-ƙasa ya buɗe baki, na taka masa ƙafa. Na yi alkawari, kuma ba bakinmu ya kamata maganar ta fito ba.

Sai na ji takun mai jan ƙafa a bayana. Iya ta ratso mutane, surukarta na riƙe da hannunta, har suka tsaya a gaban Guguwa.

"Rufe bakinka, ɗan nan, ka saurara," in ji ta. "Bayan tafiyarka na je duba jirgin. Na ɗaga tamfol na sa ido a cikinsa, na hango hasken rana ta mahaɗa. Da ka dawo ka ɗebi mutane a haka, da a tsakiyar kogi za ka sani. Na faɗa wa matarka. Muka je da safe, ba mu sami mai rumfa ba, muka zare sakata. Muka gangarar da shi a kan itace, muka ja shi zuwa nan, muka cika shi da duwatsu ya sha ruwa, yadda ubana yake yi. Mun so mu faɗa maka in ka dawo ka huta. Kai kuma ka shaƙe dattijo a gaban jama'a kafin ka gaishe ni, ka yi rantsuwa, muka ji tsoron kunyar da za ka sha, muka yi shiru."

Ta juya wajen Shugaba.

"Ba wanda ya saci jirgi. Bawan Allahn nan bai san komai ba. Ni da surukata muka nutsar da shi."